Mu tare a gidan da ba a gama ba, ko mu jira?

Malam, ka ce kana gini a Ikorodu, hayar Agege na cinye ka, kana tambaya ko ku tare da iyali kafin a gama. Ni na yi haka, kuma ban yi nadama ba, amma sai da na gama ɗaki biyu, bayi da rijiyar burtsatse. Ruwa shi ne babba. Daminar Legas tana da ƙarfi a watan Yuni da Yuli, don haka kada ka shiga sai rufi da tagogi sun kammala, saboda sauro da yara. Kuma ka zauna da uwargida ku yi lissafin kuɗin siminti tare, domin ita za ta sha ƙurar nan kullum kana kasuwa. Makarantar yara ma ka duba nisanta tukuna.