Amsar Goggo daga Gadarif ta Sudan: abin da muke sha a nan

Assalamu alaikum 'yata. Ya gida, ya mamanki da ƙannenki, ya zafin Haɗeja? Saƙon muryarki ya iso tun shekaranjiya, sai da na saurare shi sau uku don dariya. Kin ga hoton da na tura wa babanki, mata shida tsugunne gaban murhu muna shafa wani baƙin abu a kan ƙarfe. Ya ce miki dawa ce aka tsirar aka bari ta yi tsami, shi ne kika kira da salati: "Goggo, ba dai burukutu kuke dafawa azumi na ƙaratowa ba?" To kwantar da hankalinki. Jikokin wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Haɗeja zai je Makka ba su lalace haka ba tukuna.

Sunansa hilu-mur. Da Larabcin nan hilu zaƙi ne, mur kuma ɗaci, sunan ma ya faɗi ɗanɗanonsa. A Sudan gidan da babu shi a azumi kamar gidanku ne a ce an sha ruwa babu kunu.

Ga yadda ake yi. Tun tsakiyar Rajab ko farkon Sha'aban ake sayen dawa, wadda ake ce wa feterita. Sai a jiƙa kashi ɗaya, a baza a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro da jajayen saiwoyi. Wannan ita ake kira zirri'a. A shanya ta ta bushe ƙarau, a kai inji. Ɗaya kashin da bai tsira ba a niƙa shi daban, a dama shi da kauri kamar talge a babbar tukunya, sannan a zuba garin zirri'a a ciki. Da idonki za ki ga ikon Allah: talgen da muciya ke tsayawa a cikinsa sai ya saki, ya tsinke, ya yi zaƙi ba a sa masa ko ƙwayar sukari ba. Daga nan sai kayan ƙamshi, citta da kirfa da hulba da habbatus sauda da tsamiya, wasu har da zoɓo da dabino. A nan ne kowace mace take da sirrinta. Surukata, Allah ya ji ƙanta, har ta rasu ba ta taɓa auna nata a gaban kowa ba, sai ta kore mu ɗebo ruwa. A rufe shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami.

Har zuwa nan, ban ƙi miki ba, da mai burukutu da mai hilu-mur hanya ɗaya suka biyo. A bakin wuta suke rabuwa. Ranar tuya, wadda ake ce wa awasa, maƙwabta ake gayya, yau gidan wannan gobe gidan waccan. A ɗora faffaɗan baƙin ƙarfe mai suna saj a kan itace, a ɗebi ƙullin a zuba, a baza shi da ɗan tsinken kaba har ya yi faɗi, ya gasu, ya koma launin makuba. Sai a ɗago a ninke shi kamar ɗankwali, a jera a tabarma ya bushe. Duk abin da tsamin nan ya so ya haifar, wuta ta cinye shi. Abin da ya rage busasshen ɓawo ne da za ki zuba a kwali ya shekara bai yi komai ba. A Sha'aban ko makaho aka sauke a Gadarif zai gaya miki azumi ya kusa, don kowane lungu ƙamshin ƙonanniyar dawa da kirfa yake yi. Idanu kuwa sai sun yi mako suna ja saboda hayaƙi.

In azumi ya kama, da la'asar sai a gutsura a jiƙa a ruwa, kafin magariba a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Kofin farko na baƙo ba ya daɗi, gaskiya ce wannan. Wani ɗan ƙanin mijina da ya zo daga Kano ya kurɓa ya ce maganin shawara muka ba shi. Kafin a kai goma ga wata shi yake zuwa bakin madafa yana tambaya ko an jiƙa. Yana kashe ƙishi yadda ruwan sanyi ba ya yi, mutum ya je tarawihi ya dawo maƙogwaronsa bai bushe ba. Akwai ɗan'uwansa fari, abre abyad, sirara kamar ɓawon albasa, mai ɗan tsami-tsami. Shi ba a tacewa, da ɓawon ake sha, tsofaffi sun fi son sa da sahur.

In ma zargi kike nema, ga inda za ki kai shi: sharbot. Dabino ne ake jiƙawa da kayan ƙamshi don babbar sallah, wai yana narkar da nama. Kwana ɗaya lafiya lau, amma wasu sukan "manta" da shi har kwana huɗu, ka ga dattijo bayan la'asar yana fara'ar da ba a san shi da ita ba. Duk shekara sai limamai sun yi magana a kai. A gidanmu babana bai taɓa bari an jiƙa ba.

Sauran abubuwan shan namu kuwa, da za ki zo kasuwar Gadarif sai kin riƙe baki, domin kayan gidanku ne suka sa jallabiya. Karkade zoɓo ne. Aradeb tsamiya. Dom goriba, lalob aduwa, tabaldi kuka, 'ya'yanta kuma gongolez. Bambancin a hannu yake. Ku zoɓonku sai ya sha citta da kanumfari da ɓawon abarba har da kokwamba, a ɗaura a leda ko a ɗura a gora. A nan jiƙa shi kawai ake yi a ruwan sanyi, sukari, shi ke nan, da sanyin hunturu kuma a dafa shi a sha da zafi a kofin shayi. Mafi kyawunsa daga Kordofan yake zuwa, wajen Rahad da Um Ruwaba, yadda naku yake taruwa a Maigatari. Ni dai nawa har gobe sai na jefa citta, maƙwabciyata tana cewa na ɓata shi, tana kuma miƙo kofi a ƙara mata. Kuka kuwa, su ƙwallon suka sani, su jiƙa garin ya yi fari kamar madara su sha. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka a gidan haya, matar mai gidan ta leƙa tukunya ta tambaye ni ko kuɗin kuɓewa ne babu, ta ranta mini.

Kin kuma tambaya ko mun yar da fura da kunu. Haba 'yata. Hausawa sun fi shekara ɗari a ƙasar nan. Wasu hanyar hajji ta ajiye su kamar kakanmu, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sannar, wasu noman auduga a yankin Jazira ya kawo su bayan an gama madatsar Sannar a 1925. Duk inda suka sauka da turmi da gero suka sauka. Fura tana nan, sai dai a kasuwa sunanta godo-godo, ana dama ta da rob, wato nonon nan mai tsami. Larabawa da Nuba da Beja duk suna layi gaban ƙwaryar matanmu, kuma kowa ya san tamu ce, kamar yadda suka san agashe namu ne, tsiren nan da ya cinye Khartum da sunansa na Hausa. Kunun tsamiya da ƙosai ba sa fashi a gidana ranar azumi. Su ma suna da nasu kunun mai ruwa-ruwa, nasha, amma babu yaji, kamar na mai jego da likita ya hana komai.

A nan maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Kowane gida zai fito da tirensa bakin titi, a shimfiɗa tabarmi, a jera jug-jug: baƙi na hilu-mur, ja na karkade, fari na gongolez, ga kwanon kununmu a tsakiya. Duk wanda ya gifta sai an ce masa "itfaddal", wato bismillah, in ya ƙi a riƙe masa riga. A ƙauyukan hanyar Khartum zuwa Madani har tsayawa suke yi a tsakiyar kwalta, su warware rawani su tare manyan motoci, ba wanda zai wuce sai ya sauko ya sha ruwa. Yarana a kan tabarmar nan suka girma, shi ya sa in kika tambaye su wanne ne nasu tsakanin kunu da hilu-mur, kallonki za su yi kamar kin ce su zaɓa tsakanin uwa da uba.

Shayi mai ƙanƙara da kika ce ana yayi a wuraren cin abincin Kano, a nan in kika miƙa wa dattijo shi zai ɗauka kin raina shi. Shayi da zafinsa ake sha ko rana na tsaga kai, na madara da safe da 'yan zalabiya, ja da na'ana'a ko kirfa bayan an ci abinci, sukari kuwa sai cokali ya kusa tsayawa. Kuma mai shayi a nan mace ce. Sitta shai ake ce mata, tana zaune ƙarƙashin bishiya da ɗan akwatinta da kwalaben kayan ƙamshi da ƙananan kujeru. Da yawansu zawarawa ne da waɗanda yaƙi ya koro, da butar nan suke biyan kuɗin makaranta. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kan masu shayin Khartum a ƙungiya, har lambar yabo aka ba ta a Amurka a 2016.

Mu na gabas kuma gahawa ta kama mu, tun da ga Habasha nan a bakin garin Gallabat na kan iyaka. Jabana sunan 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, shi ne kuma sunan zaman gaba ɗaya. A soya ƙwayar a gabanki, a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a daka da citta a ɗan turmi, a dafa, a toshe bakin jabanar da zaren kaba don ya tace, a tsiyaya a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, ga turaren wuta yana tashi. Ba a shan ɗaya a miƙe. Kakata goro ta sani, ta mutu tana cewa gahawa ɓata lokaci ce. Ni jikarta in hantsi ya yi ban sha ba, kaina kamar ana sara.

Lemon kwalba "barid" muke ce masa, wato mai sanyi, shi ake tarar baƙo da shi kafin a ɗora shayi. Ban da Pepsi da Coca-Cola akwai namu biyu, Stim mai ɗanɗanon tuffa, da Pasgianos wanda wani Bagirke ya kafa a Khartum, 'yan Sudan da ke Saudiyya har saƙonsa suke yi. Ga wani abin da za ki ba babanki labari: ƙaron nan da almajirai ke haɗa tawada da shi, na jikin dakwara, shi ake sawa a lemon kwalba don kayan ɗanɗanon su zauna cikin ruwan kada su rabu, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi a 1997 sai ta bar wa ƙaro ƙofa. A 2007 ma jakadan Sudan ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida a Amurka yana barazanar za a hana su. Ku ma kuna da dakwarar a Jigawa da Yobe da Borno, ku daina yi mata kallon itacen girki.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 komai ya sauya. Masana'antun Bahri, wato Khartum ta Arewa, sun tsaya, barid ya zama na ranar ɗaurin aure, sukari ya yi tsada, wuta ba ta zama, ƙanƙarar ma kafin magariba sai an yi layi. Gadarif Allah ya tsare ta, amma ta cika da mutanen Khartum da Madani, makarantu duk sun zama gidaje. Matan da kika gani a hoton, uku daga cikinsu ba su da ko tukunyar kansu. Muka haɗa kuɗin dawa, suka kawo hannu, aka raba daidai. Wata 'yar Omdurman a cikinsu tana ninke na farko sai hawaye, ta ce saj ɗin uwarta na can ta baro a tsakar gida.

Na ware miki ninki goma na hilu-mur. Akwai maƙwabcinmu da zai tafi umara, zai ba ƙanin mamanki a Makka. In ya iso ki gutsuri kamar tafin hannu biyu a jug ɗaya, ki jiƙa awa biyu zuwa uku, ki tace da kyallen tatar koko, kada ki dafa, kada kuma ki yanke masa hukunci sai kin sha kwana uku a jere. Ƙanin mamanki kuma in zai taho Makka ki ba shi daddawa da jar kanwa ya miƙo mini, tawa ta ƙare tun bara. Ki gaida babanki, ki ce masa ya daina tsorata yara da rabin bayani.