Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Gayya a Wurin Shaƙatawa

Wani matashi daga Abuja ya ce ƙungiyarsu za ta share wani ɓangare na Millennium Park, shin sai sun nemi izini tunda alheri za su yi?

Sai kun nema, ɗan'uwa. Wurin yana da masu kula da shi. Ku rubuta takarda, ku faɗi rana da yawanku da irin aikin, ku kuma tambayi inda za ku tara shara da wanda zai kwashe ta. Kada ku sare reshe ko ku dasa bishiya sai an nuna muku gurbi.

Sakataren wata ƙungiya a Kano ya ce sun yi karo-karo don aikin tsaftar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata, amma sun rabu biyu: a buga riguna masu tambari ko a sayi kayan aiki?

Wannan tambayar tana sosa mini rai, domin na san inda kuɗin irin wannan ƙungiya ke ƙarewa. A buga riga, a buga hula, a ɗauko mai hoto, sannan a tura yara cikin ciyawa da silifas da hannu tsirara. Me ke cikin ciyawar nan? Fasassun kwalabe, gwangwani mai tsatsa, allurar da wani ya yar, da damina kuma maciji. Ku fara da safar hannu mai kauri da takalmin roba mai tsawo, sai manjagara da shebur da baro, sai ruwan sha da akwatin agajin gaggawa. Baro ma ana aro.

Kuma ku buɗe ido a kasuwa, jabu ya yi yawa. Siririyar safar asibiti ba ta wannan aikin ba ce, ƙaya ɗaya ta huda ta. Ku ja ɗinkin safar ku gani, ku lanƙwasa takalmin, in ya nuna alamar tsagewa ku ajiye shi komai arharsa. Shebur ku duba mahaɗar ƙota da ƙarfen. Kada ku aiki mutum ɗaya da kuɗin jama'a. Ku je ku biyu, ku karɓi rasit. In canji ya ragu, ku buga rigar.

Wani kuma yana tambaya ko za su iya zuba fetur su ƙone sharar don a gama da wuri. A wurin da yara ke wasa, leda na hayaƙi, bishiyoyi na kewaye? A'a.

Wata uwa daga Kaduna ta ce ɗanta mai shekara 12 ya nace sai ya bi 'yan unguwa, ita kuma hankalinta bai kwanta ba.

Hajiya, Allah Ya yi masa albarka, damuwarki kuma tana kan hanya. Ki bar shi ya je, amma ki san babban da zai riƙe shi, ki karɓi lambarsa. Tsintsiya da buhu ne aikinsa, ban da adda, ban da shiga kwata. In ya ga allura kada ya taɓa, ya kira babba. Su fara da sassafe su tashi kafin rana ta take. In ƙarfe ya yanke shi, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus, kada a zuba ƙasa ko man birki. In kuwa maciji ne, Allah Ya kiyaye, ba ɗaurewa, ba tsagawa, ba tsotsa, a garzaya da shi asibiti ba tare da ya taka da ƙafarsa ba.