Musdar da dobait: amsa daga Gadarif

Ɗan'uwa, abin da ka ji samarinmu suna rerawa babu ganga babu kalangu ba ƙasidar yabon Annabi ba ce. Sunansa musdar, kuma asalinsa na Larabawan yankin Butana ne a nan ƙasar Sudan, makiyayan raƙuma da ke tsakanin kogin Atbara da Shuɗin Nilu. Mu Hausawan Gadarif da Kasala kasuwarmu ɗaya da su, tare muke yankan riɗi da dawa, to dole kunne ya ɗauka.

Tubalin waƙar shi ake kira dobait. Kalmar rabi Farisanci ce rabi Larabci: "du" biyu ke nan, "bait" kuwa baitin da ka sani. Baiti biyu, ɗango huɗu, duka da amsa-amo ɗaya. Idan mawaƙi ya jera irinsu da yawa har suka ba da labarin tafiya guda, ya zama musdar, daga kalmar Larabci mai nufin kama hanya a nufi wani wuri. Mutum ne a kan raƙuminsa zai je wurin wadda yake so. Yana faɗin kowace rijiya da ya sha, kowane dutse da ya wuce, inda ruwa ya sauka ciyawa ta fito, har gumin raƙumin. Wani kuma da taurari yake ƙirga kwanakin rabuwa. Gwanin gwanayensu shi ne Hardallo na ƙabilar Shukriya, wanda a fitacciyar waƙarsa ya bi garken barewa zango-zango. Ni dai ban taɓa jin inda aka siffanta damina kamar nan ba.

Ka ce kana tsoron Hausa ta suɓuce mana. Kwantar da hankalinka. A cikin gida da Hausa ake kiran yaro cin tuwo, da ita mata ke waƙar daka da ta kai amarya. Musdar na waje ne, na hira bayan sallar isha'i a gona, kowa da kofin shayinsa, ɗaya ya ja murya saura su amsa.

Kuma ka tuna su wa suka haife mu. Kakanninmu da ƙafa suka zo, wasu kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Tsofaffinmu har yau suna jero garuruwan da aka yada zango, daga Borno zuwa Wadai zuwa Darfur. Shi ya sa waƙar da ke lissafa rijiyoyin hanya ba ta yi mana baƙunta ba.