Ku Tambayi Likita: Ɗauraye Gashi da Ruwan Sidir, Karkade da Hulba

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan gashi suka zo, kamar an haɗa baki. Ban yi mamaki ba. Duk wadda ta leƙa shagon attar, wato mai sayar da ganyaye da kayan ƙamshi, a Balad ta Jidda ta ga yadda mata ke cincirindo a kan buhunan ganye, wannan a auna mata sidir, waccan hulba, kowacce da haɗin da aka tura mata a WhatsApp. Na zaɓi guda shida.

Likita, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata biyu a Makka, tun da na zo gashina ya bushe kamar tsintsiya, yana kakkaryewa. Ba na sa masa man miƙarwa. Maƙwabciyata ta ce ruwan garin ne, in riƙa wankewa da sidir ina ɗaurayewa da ruwan karkade. Yaya ake yi, kuma ba illa? Maman Hanan, Misfala.

Amin, Maman Hanan. Kafin mu kai ga ganye, bari in ɗan wanke ruwan Makka daga laifin da ake ɗora masa. Yawancinsa ruwan Bahar Maliya ne da ake cire wa gishiri a Shu'aiba, kuma ba ya tumɓuke gashi daga saiwa. Abin da nake zargi shi ne zafinsa. Tankin yana saman bene, rana ta dake shi tun safe, ki buɗe famfo da azahar ki ji kamar daga kan wuta aka sauke. Ruwa mai wannan zafi yana kwashe ɗan maiƙon da fatar kai ke fitarwa, alhali gashinmu mai murɗewa ne, dama can maiƙon da ƙyar yake gangarawa har bakin gashi. Ki haɗa da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke busa miki sanyi dare da rana. To ki tari ruwa a bokiti ya huce, ko ki yi wankin kai da asuba.

Sidir kuwa maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Malamai suna fassara shi da magarya, amma ganyen da ake sayarwa a nan na itacen da muke kira kurna ne, 'yan gida ɗaya ne dai. Yana da sinadarin da ke kumfa idan an kaɗa shi, shi ya sa tun zamanin Annabi (SAW) ake wanka da shi, har ya zo a hadisin wankan tsarki da na gawa. Yana fitar da datti a hankali, ba ya ƙwaƙule mai kamar shamfu mai ƙarfi. Ki zuba cokali 3 na garinsa a rabin lita na ruwan ɗumi, ki kaɗa sai ya yi kumfa da ɗan yauƙi, ki bar shi kamar minti 20. Sai ki tace da ƙyalle mai laushi. Kar ki tsallake tacewar nan. Balarabiya mai gashi sulɓi za ta kwaɓa shi ta shafa, ruwa ɗaya ya tafi da shi. Mu kuwa garin maƙalewa yake a cikin murɗin gashi, sai ki kwana uku kina karkaɗe koren gari a kan matashi, wurin tsefe shi kuma ki karya gashin da kike neman gyarawa.

Karkade shi ne soɓorodonmu na gida. Tsaminsa ne amfaninsa. Kowane silin gashi yana da ɓawo kamar na kifi, sabulu yana buɗe shi, ruwa mai ɗan tsami yana kwantar da shi, sai gashin ya yi santsi da sheƙi, mataji ya wuce ba gardama. Cokali 2 a rabin lita na tafasasshen ruwa ya isa. Ki rufe ya jiƙu rabin sa'a, ki tace, ya huce sarai, ki kwarara a kai bayan wanki, ki jira minti 5 ki bi da ruwa. Yana rina farin tawul da farar tarha, wato mayafi, ki nemi tsohon zane.

Sau ɗaya a mako ya wadatar. Kuma ganyen nan duka ba mai ba ne, idan kika tsaya a kansu gashin zai ƙara tauri. Tun yana da danshi ki bi shi da man kaɗe ko man zaitun ko na riɗi, ki kitse manya-manya ba ja. Ki bari ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali, don danshi a ƙarƙashin hijabi a zafin Makka ƙaiƙayi yake kawowa. Ranar farko ki shafa ɗan ruwan a bayan kunne ki jira kwana 2, idan bai yi ja ko ƙuraje ba, bismillah.

Dakta, wata huɗu da haihuwata, gashina na zuba cunkus-cunkus. Sati uku ina jiƙa hulba ina ɗaurayewa, ba canji, har gaban goshina ya fara haske. Ina cikin damuwa. Mai jego, Jidda.

Barka da arziki, Allah ya raya. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ga wani ɗan aiki. Ki shimfiɗa farin ƙyalle ki taje kanki a kai, sai ki ɗauki silin da ya faɗo ki duba a haske. Idan dogo ne kuma a gindinsa akwai ɗan farin ƙullu kamar kan allura, daga saiwa ya fito, wannan zubewa ce. Idan guntaye ne ba ƙullu, karyewa ce. Ruwan ganye yana taimaka wa mai karyewa, domin aikinsa a jikin gashin da ya riga ya fito yake. Saiwa tana can cikin fata, abin da aka kwarara aka ɗauraye bayan minti 5 ba ya kai mata.

Naki na tabbata zubewa ce. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mai ciki kan yi sumar da ba ta taɓa yi ba. Bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai a biya bashin gaba ɗaya. Yana tsayawa da kansa, galibi kafin yaro ya shekara kai ya cike. Wadda ta fara hulba a wata na biyar sai ta ce hulba ce ta yi, alhali lokacinsa ne ya yi.

Abin da nake so ki yi: ki je a auna miki jini, har da ma'ajin ƙarfen jiki da ake kira feritin, a kuma duba tayirod, ƙullun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin yakan rikice bayan haihuwa. Abin da ya dame ni ma ba ruwan wankin kai ba ne, shayin da muke kurɓa a kan abinci ne, al'adar da muka koya a ƙasar nan. Yana hana hanji tsotsar ƙarfe daga abinci. Ki ba shi tazarar sa'a guda ko fiye.

Hulba tana da yauƙi mai sa laushi, idan warinta bai dami maigida ba ki ci gaba. Amma dangin gyaɗa ce da hummus, wani irin wake, wadda jikinta ba ya karɓar waɗannan ta guje ta. Gaban goshin nan kuma ki hutar da shi daga ƙananan kitso. Kitson da ya hana ki barci daren farko, ko ya fito da ƙuraje a bakin gashi, shi ne ke cinye goshin mata, kuma idan an daɗe ana yi wurin ba ya sake tsirowa.

Hajiya Likita, ni namiji ne, shekarata 34, direba a Riyad. Sanƙo ya fara mini ta tsakiya kamar mahaifina. An ce ruwan iklilul jabal, ganyen da Turawa ke kira rosemary, daidai yake da maganin sanƙo na saidaliyya, wato kantin magani, bincike ya tabbatar. Gaskiya ne? Abu Khalid.

Malam Abu Khalid, na san binciken da ake nufi. A Iran aka yi shi, aka buga a 2015: maza 100 masu sanƙon gado, rabi suka shafa man iklilul jabal, rabi minoksidil, maganin shafawa na sanƙo, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, tsawon wata 6, aka ga sakamakon ya yi kusa da juna. To ka lura, man ganyen aka gwada, mai ƙarfi, ana murza shi a fata kullum, ba ruwan dafaffen ganye ba. Sannan da minoksidil mai rauni aka gwada shi, maza kuwa na kashi 5 ake ba su. Kuma ba a ware wasu da ba a ba su komai ba balle a san abin da wata shida kaɗai zai yi. Bincike ɗaya ne ƙarami, masu talla suka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Sanƙon gado sinadarin maza ne ke ƙanƙantar da saiwa a hankali. Idan kana son riƙe abin da ya rage, yanzu ne lokacin ganin likitan fata, tun wurin bai yi sulɓi ba. Minoksidil yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina sai a koma gidan jiya. Ruwan ganyen ba zai cuce ka ba, ƙamshi ne da shi. Man kuwa kar ka shafa shi tsurarsa, sai an sirka da wani mai, yana ƙona fata.

Likita, jikana ɗan shekara 6 ya yi tabo zagaye biyu a ka, gashin wurin ya guntule, yana fari-fari yana susa. Ina wanke masa da sidir da kanumfari wata guda. Hajiya Babba, Madina.

Hajiya, a gafarce ni, a ajiye ganyen nan a kai shi asibiti cikin makon nan. Wannan siffar makero ce. Ƙwayar cutar tana shiga cikin silin gashi har saiwa, ko man shafawa na saidaliyya ba ya kai mata, sai maganin sha na mako 4 zuwa 8. Idan aka bar shi yakan kumbura ya yi ruwa, ya bar tabon da gashi ba zai sake fita ba. Yana yaɗuwa ta mataji da hula da matashi da injin aski, don haka a duba kan sauran yaran gidan, a kuma ware masa nasa kayan. Kanumfari ma zafi yake ƙara wa fatar da ta riga ta ji ciwo.

Furfura ta fara mini. Baƙin shayi yana rufe ta? Ko in sayi baƙin lalle? Ummu Sara, Ɗa'if.

Baƙin shayi mai kauri yana ɗan dusashe farin, wanki ɗaya ko biyu ya tafi, kuma yawan sa shi yana sa gashi ƙanƙam. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, kuma sai ya yi sa'o'i. Duk lallen da ya yi baƙi wuluk cikin rabin sa'a an zuba masa sinadarin rini mai suna PPD. Na ga fuskar da ya kumbura har ido ya rufe, kunne yana tsiyayar ruwa, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya ta ƙi shi ke nan har abada. A Sudan likitoci sun daɗe suna fama da shi, domin idan yaro ya kai shi baki yana kumbura maƙogwaro ya kashe ƙoda. Idan duhu kike so, ki sa lalle zalla, ki bi shi da wasma, wato ganyen baba, ko katam, shi ma ganyen rini ne.

Ina dafa haɗin hulba da karkade da na'ana'a cikin jarka mai lita 5, in ajiye a banɗaki ya kai ni wata. Kwanan nan kaina na ƙaiƙayi. Wata 'yar'uwa, Hindawiyya.

Ƙanwata, ki buɗe jarkar nan ki sansana. Za ki sha kunun da ya yi wata a banɗaki? Dafaffen ganye ba shi da abin hana lalacewa, a zafin nan kwana ɗaya ya ishe shi ya fara tsami, ki ga yana kumfa da farin abu a sama. Ki zubar, ki dafa na wanki ɗaya kawai. Idan ya yi saura, firiji, kwana 3, ko ki daskarar da shi a ƙananan robobi ki riƙa narkar da ɗaya-ɗaya.

Ki dakata da duk wani haɗi na mako 2. Idan ƙaiƙayin ya tafi, kin gane mai laifi. Idan yana nan da amosani mai maiƙo, ki nemi shamfun ketokonazol na kashi 2 a saidaliyya, sau 2 a mako har wata guda. A fatar kai ake murza shi, ki bar kumfar minti 5 kafin ki ɗauraye.