Filin Masu Karatu: Makirufonmu Yana Yage Muryar Alaramma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da lasifikokin masallacin unguwarmu. Kwamiti ya saya mana makirufo maras waya ɗan gwanjo, Sennheiser EW 100 G3, irin wanda ake riƙewa, da ƙaramin mikza. Idan malam yana fassara, muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa, ga wani huci a bayanta. Da alaramma mai jan baki ya karɓa ya ɗaga murya, sai ta dinga yagewa kamar lasifika ta fashe. Na rage a mikza, na rage a amfilifaya. Ƙara ta ragu, yagewar tana nan. Makirufon ne ya lalace? Azumi ya matso, tafsiri za mu fara. Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya saka da alheri kan hidimar masallaci. Kada ka tayar wa kwamiti da hankali, da wuya a ce makirufon nan ya lalace. Ai ka faɗi ciwon da bakinka: ka rage ƙara, yagewa ba ta tafi ba. Ashe muryar ta riga ta yage tun kafin ta iso wurin da kake ragewa. Ruwan da ya gurɓace tun daga rijiya, ko da cokali ka ɗebo shi gurɓatacce ne.

Sai mu koma rijiyar. Wannan sandar da alaramma ke riƙewa tana da nata ma'aunin ƙarfin ji a ciki, kuma yawancin mutane ba su taɓa shigarsa. Ka buɗe jerin saitinta ka nemi inda aka rubuta Sensitivity. A irin naka yana tafiya daga 0 zuwa -48, shida-shida, a ma'aunin dB, wato awon ƙarfin sauti. Sifili shi ne mafi kaifin ji, na mai magana a hankali ne ko daga nesa. Zan iya cewa mai shi na farko a 0 ko -6 ya bar shi. Ga mai jan baki da Allah Ya ba makogwaro, ni daga -24 nake farawa, in bai isa ba in sauka -30.

Ba da kunne za ka auna ba, da ido. A fuskar risiba, wato akwatin da ke karɓar saƙon makirufon, akwai ma'auni biyu: RF na nuna ƙarfin saƙon rediyo tsakanin makirufo da eriya, AF kuma na nuna ƙarfin murya. AF za ka zuba wa ido. Ya riƙa hawa sama sosai idan an ɗaga murya, amma kada alamar PEAK, mai nuna murya ta wuce iyaka, ta kama ta zauna. Ƙiftawa sau ɗaya can ba a rasa ba. Idan ta yawaita, ka sauko da shida.

Amma fa da muryar gaske za ka gwada. Na sha kunya a kan wannan a wani biki a Zariya shekarun baya. Na tsaya da rana ina "halo, halo, wan, tu" cikin sanyin murya, komai ya fita tas, na tafi cin tuwo. Da dare maroƙi ya fizge makirufon ya manna a leɓe ya saki kirari. Abin da ya fito daga lasifika ba ya sauraruwa, bidiyon da aka ɗauka ma haka, kuma ragowar kuɗina har yau ban je karɓa ba. Don haka ka roƙi alaramma ya zo bayan la'asar ya ja maka aya biyu yadda zai ja ranar da masallaci ya cika. Ka ƙara sauko da shida don ka bar masa rara, domin duk mai karatu yana ƙara ƙarfi idan ya ga jama'a.

Akwai wuri na biyu da murya ke yagewa. Risiba na da saitin AF Out, wato ƙarfin muryar da take tura wa mikza, daga -24 zuwa +24. Idan yana sama, kamar +18, ka kuma soka wayar a ramin makirufo na mikza, ka cika masa baki. Jar fitilar layin za ta kama ko da PEAK ba ta ce uffan ba. Mayar da AF Out 0, ko ƙasa. Sannan a mikza ka ajiye maɓallin ja-sama-ja-ƙasa a kan 0, ka danna PFL, mai nuna ƙarfin layin a ma'auni, ka murɗa Gain, mai daidaita ƙarfin shigowar murya, har ma'auni ya riƙa wasa a kusa da 0. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe, ka buɗe ta gwargwadon girman masallaci.

Hucin da ke bayan muryar malam kuwa, ina zargin nisa ne. Malamai da dama a ƙirji suke riƙe makirufo, idonsu na kan littafi. Duk lokacin da nisan baki ya ninka, murya na faɗuwa da kusan shida, kai kuma sai ka murɗe mikza don ka kamo ta, ka kamo da huci da ƙugin fanka. Ba na ba ka shawarar ka riƙa yi wa malam gyara a gaban almajiransa ba. Ka samo gajeriyar ƙafar makirufo ta kan tebur, ka daidaita ta yatsu huɗu daga bakinsa, shi ke nan an huta. In kuwa hucin zuwa yake yana tafiya idan an motsa, to RF ne: fito da risiba daga cikin akwatin ƙarfe, eriya ta ga mumbari.

Makirufon batir biyu yake ci, AA, masu kyau suna kai awa takwas. Na bakin titi ba sa kai rabin tafsiri. Idan ka gama saiti ka rubuta lambobin a takarda ka manna a bayan risiba, ka kunna Auto Lock mai kulle maɓallan makirufon, saboda yaran da ke rige-rigen kai wa ladan makirufo.