Kun Tambaya, Mun Amsa: Gasar Lakuros da Jika da Kaka Ke Bugawa a Mako Guda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yaron wajena yana karatu a wata jami'a da ke jihar New York ta Amurka, kuma a hutun da ya wuce ya aiko mini da hoton bidiyo daga wani gari mai suna Lake Placid, inda ya ce ya je kallon gasar wani wasa da ake kira lakuros. Na ga mutane riƙe da sanduna masu raga a baki suna guje-guje, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne a cikinsu akwai 'yan mata, akwai kuma dattawa masu furfura. Wane irin wasa ne wannan, kuma da gaske ne tsofaffi suna buga shi a gasa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro sa'ar karatu, ya dawo miki da shi lafiya. Abin da kika gani gaskiya ne, dattawan nan 'yan wasa ne masu rajista, kuma akwai kofin da suke nema a rukuninsu.

Lakuros wasa ne na ƙungiya biyu, kowace tana ƙoƙarin jefa ƙwallo a ragar abokiyar karawarta. Ƙwallon na roba ne mai tauri, bai kai girman lemun zaƙi ba, nauyinsa wajen giram 145, kuma ba a ɗaukarsa da hannu. Da sandar nan ake cafe shi, da ita ake gudu da shi, da ita ake miƙa wa abokin wasa, domin bakinta yana da ɗan aljihu na saƙa mai kama da ƙaramar homar masunta. A wasan maza kowace ƙungiya tana da mutum 10: mai tsaron raga, 'yan baya 3, 'yan tsakiya 3, da 'yan gaba 3. Ragar ƙarama ce, tsayinta da faɗinta duk mita 1.83, kuma an janyo ta cikin fili yadda ɗan wasa zai iya zagayawa ta bayanta ya ɓullo wa mai tsaro ta inda bai zata ba.

Gasar da yaronki ya kalla ana kiranta Lake Placid Summit Classic. An fara ta a 1990 da ƙungiyoyi 7 kacal, bisa jagorancin George Leveille da Mike DeRossi, yanzu kuwa ƙungiyoyin da ke zuwa sun haura 200. Ana yin ta kowace shekara a ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, wato lokacin zafinsu na can, wanda ya yi daidai da tsakiyar daminarmu. Lake Placid ɗan ƙaramin gari ne a cikin duwatsun Adirondack, mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma sunansa ya yi nisa saboda sau biyu yana karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu, a 1932 da 1980. A farkon mako 'yan makarantun sakandare maza da mata ne ke cika filayen wasa na North Elba da ke gefen garin, daga tsakiyar mako zuwa ƙarshensa kuma manya su karɓa.

Sirrin abin yana cikin rabon rukuni. Ba a haɗa ɗan shekara 60 da ɗan shekara 20 a ce su gwada ƙwanji, domin yin haka zalunci ne ga dattijon, ɓata lokaci ne kuma ga saurayin. Akwai rukunin samari masu jini a jika, inda ake ganin fitattun 'yan wasan jami'o'i, sannan akwai na waɗanda suka haura shekara 30, da na 40, da na 50, har zuwa na masu 60 da ɗoriya, kowa da tsaransa. Dokar wasan ma tana taimakawa, tun da ana canja 'yan wasa ana cikin bugawa ba tare da an tsayar da agogo ba, kuma babu iyaka ga yawan canjin, saboda haka wanda numfashinsa ya ɗauke yana iya fita ya huta ya sake komowa. Da yawa daga ƙungiyoyin manyan nan tsofaffin abokan makaranta ne da rayuwa ta rarraba, wani lauya a wannan birni, wani malamin makaranta a wancan, waɗanda wannan mako ne kaɗai ke haɗa su a shekara. Suna zuwa da iyalansu, kuma ba abin mamaki ba ne uba ya tsaya bakin fili yana kallon 'yarsa ranar Talata, ita kuma ta tsaya tana kallonsa ranar Asabar. A ganina wannan shi ne darajar gasar, fiye da duk wani kofi da ake rabawa a cikinta: mutumin da ya san akwai wasan da ke jiransa a watan Agusta ba zai bar jikinsa ya mutu a sauran watannin ba.

Akwai kuma wata gasar da ta girme ta, wato Vail Lacrosse Shootout a jihar Kolorado, wadda aka fara a garin Aspen a 1973 kafin a mai da ta Vail, garin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 2,500, inda ƙarancin iska ke gajiyar da baƙo tun bai yi nisa ba. Ita ma tsarinta na rukunin shekaru ne, maza da mata.

Bai kamata a bar zancen nan ba tare da an faɗi masu wasan na asali ba. Lakuros gadon 'yan asalin Amurka ta Arewa ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, haɗakar ƙabilu shida da suka ƙunshi Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora, waɗanda ƙasarsu ta gado take a wannan jiha ta New York da kudancin Kanada. A wajensu wasan yana da matsayi na addini da na magani, sukan buga shi domin neman sauƙi ga maras lafiya ko domin sasanta rikici tsakanin garuruwa, kuma har yau akwai masu sassaƙa sandar daga itacen hikori su saƙa mata raga da hannu. Wani likitan haƙori na birnin Montreal, William George Beers, shi ne ya rubuta dokokin zamani a shekarun 1860, ya rage yawan 'yan wasa, ya iyakance fili. A 1994 majalisar dokokin Kanada ta ayyana lakuros a matsayin wasan ƙasa na lokacin zafi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata. Na ga maza suna dukan juna da sanda a wannan wasa. Shin haka mata ma suke yi, kuma babu haɗari a ciki? Daga wata malama a Maraɗi.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa hidimar da kike yi wa 'ya'yanmu. Wasan mata dabam yake da na maza, kuma hanyar da ya biyo ma dabam ce. A makarantar 'yan mata ta St Leonards da ke Sikotland aka fara buga shi a 1890, kuma wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ita ce ta kafa ƙungiyar mata a makarantar Bryn Mawr ta birnin Baltimore a 1926, daga nan ya bazu a Amurka.

Maza an yarje musu su bangaje wanda ke riƙe da ƙwallo, su kuma bugi sandarsa ko safar hannunsa domin ƙwallon ya faɗi, shi ya sa dole su sa hular kwano, da safar hannu mai kauri, da kariyar kafaɗa da ta hannu. Mata kuwa an hana su bangaza, kuma bugun sanda ma sai cikin kiyayewa, nesa da kai. A Amurka abin da aka wajabta musu shi ne gilashin kare ido da robar kare haƙora, ban da mai tsaron raga wadda take rufe jikinta sosai. Aljihun sandar mata ba shi da zurfi, dole ne a riƙa hango saman ƙwallon, don haka riƙe shi ana gudu yana bukatar gwaninta ta gaske, kuma wasan nasu ya fi dogara ga sauri da iya miƙa ƙwallo. A jami'o'in Amurka mata 12 ne ke shiga fili a kowane ɓangare, a gasar ƙasa da ƙasa kuma 10.

Haɗari kam akwai shi, kuma mafi yawansa daga ƙwallon yake, domin gwanayen maza suna iya harba shi da saurin da ya wuce kilomita 150 a awa. Idan ya sami ƙirji daidai saitin zuciya yana iya tsayar da bugunta, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma ya taɓa cin rayuka, kuma wannan ne ya sa daga 2021 aka wajabta wa masu tsaron raga a makarantu da jami'o'in Amurka sa sulken ƙirji na musamman. Sauran raunukan irin na kowane wasan gudu ne, targaɗe da ciwon gwiwa.

TAMBAYA: Shin akwai ƙasashen Afirka da ke buga wannan wasa, kuma za a iya fara shi a makarantunmu? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Akwai su, ɗana. Uganda ce ƙasar Afirka ta farko da ta buga gasar duniya ta maza, a birnin Denver a 2014, sannan 'yan matan Kenya suka halarci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Kanada a 2019. Lakuros ya taɓa shiga Olamfik a 1904 da 1908, kuma zai koma a Los Angeles a 2028 da sabon salo na mutum shida-shida, a fili mai tsawon mita 70 da faɗin mita 36, zango huɗu na minti 8, kuma kowace ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta harba ƙwallo ko ta rasa shi.

Wannan salon ne ya dace da mai son farawa, tun da bai bukatar mutane da yawa, kuma filin ƙwallon ƙafa na kowace makaranta ya ishe shi har da rara. Babbar matsalar ita ce kayan wasa, domin sanduna da huluna daga waje ake sayo su, kuma suna da tsada. Shawarata ita ce a fara da dokar hana bangaza ga kowa, maza da mata, a yi amfani da ƙwallo mai laushi irin na tanis, ta yadda sanda kaɗai za a nema, a bar zancen hular kwano sai an ga yaran sun kama hannu. Idan kuma za ku shirya 'yar gasa a ƙarshen zangon karatu, ku ware rukunin ƙananan aji da na manya, ku kuma buɗe wani na malamai da tsofaffin ɗalibai tun daga shekarar farko, ko da ƙungiya biyu ce kawai za ta samu.