Kar ka sayar da su, haya za ka riƙa bayarwa

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan wasan yara a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya turo min tambaya. Yace shi tun yana saurayi yake tara tsofaffin kayan wasa, motar kara, motar langa-langa, 'yar tsana ta ƙyalle, har da ƙananan motocin ƙarfe irin na da. Kwanaki wani abokinsa mai shirya ɗakuna a wurin ɗaukar shirin talabijin ya ari wasu, aka dawo masa da ɗaya a karye, yanzu kuma furodusan yace zai saye duka. Ya sayar ya zuba kuɗin a shago ko yaya?

To Malam, ni dai ban ba ka shawarar sayarwa ba wallahi. Kayan shagonka in sun ƙare gobe ka saro wasu, amma motar ƙarfen da ka samu shekara ashirin da suka wuce ina za ka je ka saro ta? A Amurka akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai ajiye irin waɗannan kaya suna ba masu fim haya, kai kuma ga Kannywood a bakin ƙofarka, tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 shirye-shirye masu dogon zango suka yi yawa, ga na YouTube kuma, kowanne yana buƙatar ɗakin da zai yi kama da na mutane na gaske.

Abu na farko ka raba kayan gida biyu. Waɗanda in sun lalace za a iya samun irinsu ko a sa wani ya ƙera, su ne na haya. Waɗanda ranka ke kansu kuma su zauna a gida, ko nawa aka taya. Ka ɗauki hoton kowanne da waya, ka sa masa lamba a littafi, ka rubuta halin da yake ciki kafin ya fita, mai karɓa ya sa hannu ya ajiye kuɗin jingina, ko da abokin naka ne kuwa, don da an yi haka tun farko da waccan da ta karye an biya ka ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Farashi kuma kar ka yanka na rana ɗaya. Shiri mai dogon zango in aka nuna 'yar tsana a kan gadon yarinya a fitowa ta uku, dole ita ɗin dai za a sake gani a ta goma sha biyar, masu kallo suna lura sosai. Saboda haka ka yi ciniki na sati ko na zango gaba ɗaya, ka karɓi rabi kafin kaya su bar hannunka.

Amma inda nake ganin kuɗin ya fi yawa shi ne abin da ke cikin kanka. In labari na 1985 ne aka ajiye motar roba mai rimot 'yar China a tsakar gida ai an ɓata aiki, kai ne ka san me yaron Fagge ko na ƙauye yake ja da zare a wancan lokacin. Ka roƙi abokinka ka riƙa binsa lokeshin ranar da ba ka da cinkoso a shago, ka ga yadda kyamara ke ɗaukar kala da girman abu, ka nemi a sa sunanka a ƙarshen shiri, da haka wani darakta zai neme ka.

Kuɗin hayar ka buɗe musu asusu daban, kar su haɗu da cinikin shago. In ka yi wata shida ka ga suna shigowa, sai ka yi rajistar sunan sana'ar a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista.